Geron En'e a Turmina

Yanzu injin niƙa ne ke tashina da safe, wannan da aka dasa a bayan katangarmu, ya yi ta ɓaɓatu har kan mutum ya ɗau ciwo. A da kuwa taɓarya ce ke tashin unguwarmu Hausari. Tun gari bai gama wayewa ba za ka ji ta fara daga gida ɗaya, sai maƙwabta su amsa, kafin a jima unguwa duka ta ɗauka har can wajen Bolewa. Daga saukar taɓarya kaɗai mukan gane wadda mijinta ya ɓata wa rai jiya da wadda aka saya wa sabon zane. Kuma ba a daka da baki rufe. Mace tana surfe tana waƙa, tana ribɗi tana waƙa, in mun haɗu mu biyu ko uku a turmi ɗaya muna lugude, sai mu cilla taɓarya sama mu tafa mu cafe, waƙar ba ta yanke ba. Yaran yanzu su sa gero a bokiti su miƙa wa mai inji, su tsaya suna latsa waya. Ban ce sun yi laifi ba, ƙashin bayana ya san abin da turmi ya yi masa. Sai dai unguwar ta zama kurma, ga ƙara ko'ina amma ba abin saurare.

Wanda ya tono mini wannan zance jikana ne, wannan maigidan nawa marar cefane, da ya ce wai shi mawaƙi ne. Ya zo ya baje mini a tabarma da rediyo, ana ta gardama a ciki kan ko ya kamata gwamnati ta riƙa ba mawaƙa tallafi, wasu na cewa sai ciki ya cika murya ke fita, wasu na cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya rage muryar rediyon ya tambaye ni, wai ni da na auri makaɗi me na gani. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, tambayar ta fi ƙarfin wanda bai taɓa riƙe garma ba. Ya fita yana dariya. Ni kuwa na wuni ban yi dariya ba, don amsar nan tana maƙale a wuyana tun zamanin Turawa, ban haɗiye ta ba, ban kuma tofar ba.

Maigidana makaɗin noma ne. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuwa yau zan fara ba. Mutumin wajen Fika ne, Bolanci ya sha a nono, Hausa kuwa a kasuwar Potiskum ya tsince ta, har ya koma ga Allah in mace ta shigo cewa yake “ya zo”, ni kuma ban fasa yi masa tsiya ba. Ubana bafatake ne daga Kano, da farko ya ce 'yarsa ba ta auren maroƙi. Uwata ce ta ce masa makaɗin noma ba maroƙi ba ne, rana ɗaya ke dukansa da manoma, guminsa yake ci. Haka aka kai ni gidan da ba komai sai ganga biyu a rataye, da rumbu ɗaya, da surukata, tsohuwa mai kaifin harshe da muke kira Inna.

Wanda bai ga gayya ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Mai gona ya aika wa samarin unguwa, a dama kunu, a yi tuwo, a kira makaɗi. Maza su jeru da garemani, shi kuma ya shiga gabansu yana ja da baya, ganga a kafaɗa, ƙafarsa cikin laka kamar ta kowa. Ba shi ke ba garma kiɗa ba, yakan ce garma ce ke ba shi. Yana kallon yadda take shiga ƙasa tana fita, can ya sa gula. Baitin kuwa daga bakin manoman yake tsintar sa. Wani ya yi ƙorafin ƙugunsa, wani ya zagi surukinsa ƙasa-ƙasa, wani ya tsokani abokinsa da zancen budurwa, shi yana ji, kafin a kai ƙarshen kunya ya mayar musu da maganarsu cikin kiɗa, su fashe da dariya su ƙara dukan ƙasa. Wata rana Ladi matar mai gona ta makara da kunu, wani tsoho ya ce garma dai ta sha, shi ne bai sha ba. A nan aka haifi wadda ta fi duk waƙoƙinsa yawo:

*Garma ta sha ƙasa, ni ban sha ba,*
*Ladi kawo kunu, rana ta take.*

Amma shi a wurinsa tafin manoma ba shaida ba ce, don mai jin yunwa da gajiya ko gwangwani ka kaɗa masa zai taka. Shaidarsa turmi ne. In ya yi sabuwar waƙa, sai ya riƙa zama da safe a gindin durumin ƙofar gida, wai yana gyaran tsarkiyar ganga, alhali kunnensa na kan katangun unguwa. Jira yake ya ji wata mace da ba ta je gonar ba, ba wanda ya koya mata, ta ɗauko waƙar ta ɗora a kan taɓarya. Ran da ya ji, sai ya shigo gida yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta, ya ce in ƙara masa yaji a miya. In kuwa shiru ta yi yawa, sai ya watsar da waƙar ko sau nawa aka tafa mata. Inna ce ke da maganar, takan ce waƙar da ba ta shiga turmi ba ɓari ce, ba a raɗa mata suna. Ba shi kaɗai ke wannan saurare ba. Akwai abokin hamayyarsa da ake kira Ɗan Gadaka, wani siririn mutum mai dariya da yawa. Su haɗu a gayya su yi ta yi wa juna habaici, da yamma kuma su ci tuwo a akushi ɗaya suna gardamar waƙar wa ta fi shiga gidaje.

Sai shekarar fara ta zo. Gero ya yi kai, muna murna, suka sauko kamar hadari suka bar mana kara tsaye. Wanda ba shi da hatsi ba ya kiran gayya, wanda bai kira gayya ba ba ya neman makaɗi. Muka ci tafasa, muka ci dusa, muka ci ganyen da ko akuya sai ta yi shawara. Turame suka yi shiru, ba abin dakawa. Masu cewa yunwa ce uwar waƙa, ina jin su a rediyo, ban ce komai ba sai dai Allah ya sa kada su haɗu da ita. Shekarar nan maigidana ko baiti ɗaya bai yi ba. Gangar na rataye fata ta saki, shi yana zaune yana kallon ƙasa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, wannan gaskiya ce. Ɗan Gadaka ya bi lori zuwa Jos haƙar kuza. Ni kuwa nono ya ƙafe mini, ɗan farina ya yi ta tsotson abin da babu har ya daina kuka. Ba a faɗin sunan ɗan fari, amma ni ko an yarda in faɗa, bakina ba zai iya ba. Inna ma ba ta ga kakar da ta biyo ba.

Bayan gari ya ɗan farfaɗo ne En'e, hukumar sarki ta zamanin Turawa, ta aiko. Lokacin ana son yi wa shanu allurar riga-kafi, Fulani kuwa suna shigewa daji da garkensu, don sun ɗauka dabara ce ta ƙidaya shanu saboda jangali. Malamin dabbobi, wani Babarbare mai haƙuri, ya taɓa jin maigidana a wata gayya, ya ce abin da takarda da sanƙira mai shela suka kasa ganga za ta iya. Aka ce za a riƙa ba shi buhun gero duk wata, da ɗan abin cefane, a ɗauke masa haraji, a ɗinka masa riga. Ran da aka sauke buhun farko a zaure, na kwance bakinsa na cusa hannuna har gwiwa cikin geron na yi ta kuka. In faɗi gaskiya tsakanina da Allah, ba wanda ya cuce mu. Ba a taɓa hana mu ba, ba a taɓa yi mana gori ba, ba kuma wanda ya taɓa sa shi ya yi wa wani zambo ko ya yabi wanda bai so.

Kuma kada wani ya ce abin bai amfani kiɗansa ba, ni ce shaida. Ya sa aka sassaƙa masa sabon kangon ganga, ya zaɓi fatar da yake so ba wadda ya samu ba. Ya ɗauki 'yan amshi, magidanta masu murya. Wuyansa ya cika, muryarsa ta yi zurfi, hannunsa ya koyi abubuwan da da can gajiya ba ta barinsa ya koya. Yakan wuni a gindin durumi yana juya baiti ɗaya har ya zauna daram. Malamai su zo da saƙo, a sa zancen allura, a sa na sabon irin gyaɗa, a sa na rufe bakin rijiya, shi kuma ya saƙa su cikin waƙa doguwa mai hawa da sauka. Ran kasuwa ya tsaya a kara, wajen cinikin shanu, cikin farar riga, mutane su kewaye shi su yi tsit, in ya gama su ce madalla. Shanu kuwa sun fito, an yi musu allura, garke da yawa sun tsira, har wani Bature ya zo da akwatin ɗaukar murya ya ɗauka. In don gwaninta ce, bai taɓa kai wannan matsayi ba. Ni na yi ƙiba, na haihu, yaro ya rayu, na sake haihuwa. Ban lura ba cewa har yanzu yana zama da safe a ƙofar gida da tsarkiya a hannu, kuma ya daɗe bai ce in ƙara yaji ba.

Wata safiya da damina ina daka da maƙwabciyata, jaririyata mace tana goye a bayana. Hannu ya yi zafi, lugude ya yi daɗi, baki ya buɗe da kansa. Wata sabuwar waƙa ce da ta cika unguwa a lokacin, ta wani da tsuntsaye suka addabi gonarsa yana roƙon su bar masa ko na kunu. Wallahi ban san ma ina yi ba, haka waƙar turmi take, ita ke hawa mutum. Ɗan Gadaka ne ya yi ta. Ya dawo daga Jos da tari a ƙirji, ya ari ganga ya koma bin gayya. Muna cikin cilla taɓarya na ga maƙwabciyata ta yi shiru tana kallon bayana. Na juya, ga maigidana tsaye a bakin zaure, tsarkiya a hannu. Bai ɗaga murya ba, har da ɗan murmushi ya yi maganar.

“Geron En'e, turmina, matata, waƙar Ɗan Gadaka.”

Ya juya ya fita. Maƙwabciyata ta jingine taɓarya ta sulale. Na ƙarasa dakan ni kaɗai, baki rufe, ban taɓa jin turmi ya yi nauyi irin na ran nan ba.

Da la'asar ya kira ni ɗaki. Na tarar ya ninke farar rigar ya ɗora a kan gado. Ya ce tun da ya sa ta, waƙarsa ko ɗaya ba ta haura katangar kowa ba. Ya ce ana sauraronsa kamar yadda ake sauraron alƙali, a gyaɗa kai a watse. Ya ce duk abin da ya yi shekarun nan ɓari ne, Inna ta faɗa, kuma gobe zai mayar da rigar ya yi godiya, ya koma gaban garma kafin kunnensa ya mutu gaba ɗaya. Yana magana ina jin numfashin yarinyar a wuyana. Ni mai baki ce, kowa ya sani, amma ran nan ban yi masifa ba. Na kwance goyon na ɗora masa ita a cinya.

“Malam, na binne ɗaya saboda fara. Ba zan binne wannan saboda waƙa ba.”

Ya daɗe yana kallonta. Ta kama masa ɗan yatsa tana ƙoƙarin kaiwa baki. Can ya ce, “To.” Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya miƙo mini ita, ya warware rigar ya rataye inda take. Na ji “to” iri-iri a rayuwata, amma wannan har yau in na kwanta ina jin ta.

Ban bar shi haka ba, don ni ma abin ya tsaya mini. Na ce ai ba wanda ya hana shi gayya, ya je ranar da ba aikin En'e. Ya tuɓe rigar ya sa tsohon bantensa da taguwa ya tafi. Kafin azahar ya dawo, ƙafarsa ko laka babu. Da ƙyar ya gaya mini yadda aka yi. Yana isa manoma suka ajiye garemani suka gaishe shi da ranka ya daɗe. Mai gona ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa, aka kawo masa kunu tun kafin kowa. Da ya matsa ya shiga gabansu da ganga, suka yi noman tsaf, amma ba wanda ya yi ƙorafin ƙugu, ba wanda ya zagi suruki, balle a taɓa zancen haraji. Wa zai saki baki a gaban mutumin hukuma? Ba ƙinsa suka yi ba, girmama shi suka yi, girman kuwa ya rufe masa rijiyar da yake ɗiba. Ya ce ya yi ta kasa kunne, bai ji komai ba sai numfashi. Bai sake zuwa ba.

Ɗan Gadaka kuwa waƙoƙinsa suka yi ta shiga gidaje, tarinsa kuma ya yi ta ƙaruwa. Dami ɗaya ko biyu da ake ba makaɗi a gayya ba ya kai gida bazara. Da ya kwanta, maigidana yakan ɗebi gero daga buhunmu ya kai masa, wani lokaci in bi shi da fura. Ina nan ran da maigidana ya ce masa ya ji daɗinsa, shi dai ko ya mutu ya bar abin da mata za su yi ta rerawa. Ɗan Gadaka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya nuna 'ya'yansa da ke raɓe a bakin ƙofa, wuya kamar zare, ya ce da shi aka kawo wa rigar nan, da gudu zai karɓa, a bar turmi ya ci kansa. Bai kai kaka ba. Aka rarraba yaran a dangi, gangar aron kuma mai ita ya zo ya ɗauka. Shi ya sa in na ji masu gardama a rediyo kowa ya riƙe gefe ɗaya yana rantsuwa, sai in ce waɗannan ba su zauna a ɗakin nan ba ran nan, da sun ga mutum biyu kowa na kwaɗayin rabon ɗan'uwansa.

Maigidana ya ci gaba da aikinsa har wajen lokacin da Turawa ke haɗa kayansu. Bai taɓa yi mini gorin maganar nan ba ko da wasa, bai kuma rage wa aikin komai ba, kullum waƙar sai ta fi ta jiya tsari. Zaman ƙofar gida da safe ne kawai ya daina. Zazzaɓi ya ɗauke shi cikin 'yan kwanaki, da cikinsa a ƙoshe, da likkafaninsa sabo, da 'ya'yansa kewaye da shi.

Ran sadaka matan unguwa suka taru a tsakar gidana dakan gumba. Gidan makoki ba a waƙa, kowa baki rufe. Ina ɗaki cikin takaba ina jin taɓare suna sauka barkatai, wannan ta faɗa, waccan ta faɗa. Sannu a hankali sai suka fara haɗuwa, ba wadda ta shirya, hannu ne kawai ya bi hanyar da ya sani. Na ɗaga kai. Ba kalma ko ɗaya, amma ko kurma ya san kiɗan, garma ta sha ƙasa, ni ban sha ba. Waƙar da ya yi tun muna da rumbu ɗaya, tun ƙafarsa na cikin laka. Har da 'yan matan da ba a haifa ba lokacin da Ladi ta makara da kunu. Na kasa kunne ko za su juya zuwa ɗaya daga cikin dogayen nan masu kyau da ya ɓata shekaru yana gogewa. Har aka gama dakan ba su juya ba. Na leƙa ta labule, ga 'ya'yana a zaune a tabarma, manya da ƙanana, kowa da ƙarfinsa, ba wanda ya ragu tun daga na fari. Na rasa wanne zan yi wa kuka, sai na yi wa duka.

An ce akwatin Baturen nan yana can wata ƙasa da muryar maigidana a ciki, yana ta kiran Fulani su kawo shanu. Ban taɓa jin wanda ya nema ba. Waƙar Ladi kuwa ba a ɗauke ta a akwati ba, a turmi take zaune, ga shi turamen an kife su awaki na hawa. Da ni da wasu tsofaffi ƙalilan muka rage da ita.

Jikan nawa zai dawo, na san halinsa, ba ya barin magana. Yana so in ce masa i ko a'a, ya je ya kafa hujja da kakarsa. Ban san ta inda zan fara ba. Uwarsa ce jaririyar da na kwance daga bayana na ɗora wa kakansa a cinya ran nan. In ya zo, zan sa shi ya tayar mini da tsohon turmin da ke bayan ɗaki, ya wanke shi, ya riƙe taɓarya ɗaya in riƙe ɗaya, ko da ba zan iya ɗagawa sosai ba. Ya fara karɓar waƙar Ladi tukuna, don saboda uwarsa da shi kakansa ya bar gaban garma.